Yadda yayana ya yi fama da tarin fuka da fumfunar huhu a lokaci guda

A garin Suleja tari ba ya ɗaga wa kowa hankali. Da hunturu a ce ƙura ce, da damina a ce sanyi ne, musamman mu mazauna Iku da muke maƙwabtaka da kogi, inda bangon ɗaki kan jiƙe tun daga watan Yuli har ƙarshen Satumba. Ga dubban ma'aikata da ke cika motocin haya tun da asuba zuwa Abuja, gilasai a rufe, kowa na shaƙar numfashin na kusa da shi tun daga Madalla har cikin birni. A irin wannan gari, mai tari sai ya fara tofar da jini kafin a dube shi da kyau.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya shafe kusan shekara huɗu yana tari. A cikin waɗannan shekaru cuta uku likitoci suka samu a ƙirjinsa, kuma biyun ƙarshe a tare suka zauna a huhu ɗaya. Da izininsa nake ba da labarin, domin na san akwai gidaje da yawa da ke da marar lafiya irinsa, wanda ya sha maganin tarin fuka har ya gama amma tarin bai bar shi ba, kuma 'yan'uwa sun rasa abin da za su yi da shi.

Yaya ɗan kasuwar hatsi ne. Yakan saro masara da dawa daga kasuwannin Lambata da Dikko, ya tara a wani sito da ke bayan gidanmu, ya riƙa fitarwa idan farashi ya motsa. Mutum ne mai jiki, wanda kan ɗaga buhu shi kaɗai. Da ciwon ya fara, abin da muka gani shi ne tari da ya haura mako uku, zazzaɓi da yamma, gumi da dare har sai an sauya zanen gado, da rama. Aka kai shi asibitin gwamnati, aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne. Aka ɗora shi a kan maganin wata shida, wanda kyauta ake bayarwa a duk faɗin Najeriya: haɗin magunguna huɗu na wata biyu, sannan biyu daga cikinsu na sauran wata huɗun. An gargaɗe mu cewa fitsarinsa zai yi ja saboda ɗaya daga cikin magungunan mai suna rifampicin, kada mu tsorata. Matarsa ce ke ba shi maganin kowace safiya kafin ya karya, tana sa alama a katin asibiti. Ni shaida ne bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Ya gama, aka sallame shi, muka yi sadaka.

Ba a cika shekara ba tarin ya dawo, kuma ya fi na farko tsanani. Wannan karon aka sa kakinsa a na'urar GeneXpert, wadda cikin kamar awa biyu take nuna ko akwai ƙwayar tarin fuka, ta kuma nuna ko ƙwayar tana jin rifampicin ko ba ta ji. Sakamako ya fito cewa ba ta ji. Wannan shi ake kira tarin fuka mai bijire wa magani.

Kafin mu dawo gida labari ya riga mu isa, kuma har an yanke masa hukunci. Wasu dangi suka ce ai dama ba ya shan maganin, ɓoyewa yake yi. Wasu suka ɗora wa matarsa laifin sakaci. Wata gwaggonmu ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne daga abokan kasuwa. Innarmu, wadda ba ta kama sunansa saboda shi ne ɗan fari, ta kira ni ɗakinta ta ce: "Ka faɗa mini gaskiya, wannan yaron wasa ya yi da maganinsa?" Na ce mata: "Inna, a gaban idona ake ba shi." Ta yi shiru, amma na ga maganar mutane ta riga ta zauna mata a rai.

A zuwanmu na gaba na tambayi likita a gaban Yaya, don shi ma ya ji. Ya ce hanya biyu ce mutum ke samun irin wannan tarin. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, wato a sha magani a yanke, ko a sha wanda bai kai ƙa'ida ba, ko jabu, sai ƙwayoyin da suka fi taurin kai su tsira su hayayyafa. Ta biyu kuwa, mutum ya shaƙi ƙwayar da tun asali ta bijire daga wani mai ɗauke da ita, a mota ko a shago ko a ɗakin da ba iska, ko da kuwa bai taɓa shan maganin tarin fuka ba a rayuwarsa. Ya ce da yawa daga cikin masu wannan cuta ta hanya ta biyu suka same ta. Ya dubi Yaya ya ce: "Alhaji, katinka ya nuna ka sha maganinka. Kada ka bari a ɗora maka abin da ba ka yi ba." Na lura tun daga ranar Yaya ya dawo cin abinci a tsakar gida.

Cutar ba a gidanmu kaɗai take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 500,000 ne suka kamu da tarin fuka a Najeriya a shekarar 2023, abin da ya sa ƙasar ta zama ta ɗaya a Afirka, ta shida a duniya. A shekarar kuma, kimanin mutum 400,000 a duniya suka kamu da nau'in da ke bijire wa magani, kuma kusan biyu cikin biyar ne kawai suka samu kulawa. A da, wanda aka samu da shi a ƙasar nan sai an kwantar da shi wata da watanni a cibiyoyi na musamman irin ta Saye da ke Zariya ko Asibitin Zana na Kano, ana yi masa allura kullum, jinyar ta kai wata 20 ko fiye, kuma allurar ta kurmantar da mutane da dama. Yanzu an daina dogaro da allurar. Yaya a gida ya yi jinyarsa da ƙwayoyin sha na wata tara, su ma kyauta, cikinsu har da bedaquiline. A watan Disamba na 2022 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani haɗin magunguna huɗu da ke gama aikin cikin wata shida ga mafi yawan masu cutar.

Sauƙin da aka samu bai hana jinyar zama mai wahala ba. Da farko magani iri bakwai yake haɗiya, tafin hannu cike. Ga tashin zuciya, ga ciwon gaɓoɓi. Wani daga cikinsu mai suna clofazimine ya sauya masa launin fata, ya yi duhu mai ratsin ja, har abokan ciniki suka fara kauce wa shagonsa. An gwada mu duka mutanen gidan, manya da yara, kuma Allah Ya sa babu wanda ya kamu. Ma'aikaciyar asibiti ta koya mana cewa ta iska cutar ke yaɗuwa, don haka buɗe taga da barin rana ta shiga ɗaki da sa takunkumi a makonnin farko su ne kariya. Ware masa kwano da cokali ba ya tsare kowa daga komai, sai dai ya ƙara masa baƙin ciki.

A wata na uku gwajin kaki ya fito babu ƙwayar. Na huɗu ma haka, na biyar ma haka. A takarda Yaya yana warkewa. A gida kuwa abin da muke gani daban ne. Tarin na nan, nauyinsa bai ƙaru ba, tafiya daga gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya huta. Sai kuma jini ya fara fita, da farko ɗigo-ɗigo a cikin kaki, wata rana da asuba kuma ya kai rabin kofin shayi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

A nan ne shawarwari suka yi mana yawa, kuma kowacce da haɗarinta. Wani ya ce a je kemis a sayo maganin tarin fuka na farko a haɗa masa da wanda yake sha. Wani ya ce a bar na asibiti tunda ga shi bai yi ba, a koma na gargajiya. Wata maƙwabciya ta kawo ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don ya yi ƙiba. Daga baya likita ya shaida mana cewa irin waɗannan ƙwayoyi sukan ƙunshi dexamethasone, wanda ke raunana garkuwar jiki, kuma da ya sha da sun ƙara wa wutar fetur. Gwaggo kuwa ta ce ai ta faɗa tun farko. A daidai lokacin ne kuma dangin wanda ke neman babbar 'yarsa suka aiko cewa a ɗan jinkirta maganar sa rana. Ba su faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Matarsa ce ta tsaya kai da fata cewa a koma asibiti a yi tambaya ɗaya: idan gwaji ya ce ƙwayar tarin fuka ta mutu, to mene ne ke sa shi aman jini? Aka tura mu wurin likitan ƙirji a wani babban asibiti a Abuja. Ta karɓi tsofaffin hotunan ƙirjinsa duka, ta jera su, ta sa aka yi sabo, sannan aka yi hoton CT. Ta nuna mana wani kogo a saman huhunsa na dama, a cikinsa kuma ga wani dunƙule kamar ƙwallon goriba. Ta ce: "Malam, ka san fumfuna, wadda ke fitowa a jikin burodi ko tuwon da ya kwana biyu? Ita ce wannan."

Bayanin da ta yi mana shi ne ya fi komai amfani a duk jinyar, don haka zan kawo shi yadda na fahimta. Akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus da ke rayuwa a ƙasa, a juji, a ruɓaɓɓen ganye, a hatsin da ya sha danshi, a kashin kaji da bangon da ya jiƙe. Ƙurarta ba ta ganuwa, kuma kowannenmu yana shaƙar ta kullum, amma lafiyayyen huhu yana share ta ba tare da mutum ya sani ba. Tarin fuka kuwa yakan ci naman huhu ya bar kogo, kuma ko bayan magani ya kashe ƙwayar, kogon ba lallai ya rufe ba. Wuri ne mai ɗumi da danshi wanda garkuwar jiki ba ta isa cikinsa sosai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fumfunar takan zauna a ciki ta yi girma a hankali, wani lokaci ta dunƙule, ta riƙa faɗaɗa kogon tana taɓa jijiyoyin jini da ke gefensa. Daga nan jinin ke fitowa. Masu tarin da ke bijire wa magani sun fi zama cikin haɗari, domin ciwon ya fi daɗewa a jikinsu, kogunan da ya bari sun fi yawa da girma.

Abin da ke rikita lamarin shi ne alamomin cututtukan biyu kusan iri ɗaya ne: tari mai daɗewa, rama, kasala, ciwon ƙirji, jini a kaki. A hoton ƙirji na yau da kullum ma sukan yi kama. GeneXpert kuma tarin fuka kawai take nema, ba ta ganin fumfuna. Shi ya sa ake samun mutumin da za a yi ta maimaita masa maganin tarin fuka alhali ba shi ke damunsa ba. Wani bincike da Dakta Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya duba mutum 208 a Legas da Ilorin, waɗanda ake yi wa maganin tarin fuka amma ba a ga ƙwayar a kakinsu ba, ko kuma maganin ya ƙi yi musu aiki. Kusan tara cikin kowane 100 daga cikinsu wannan fumfunar ce a huhunsu. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fumfuna 19 da ke barazana ga lafiyar ɗan Adam, ta sa Aspergillus fumigatus cikin huɗun da suka fi haɗari. Mu a nan abin da muka sani na wannan dangi bai wuce makero da ƙyasbi ba, ba mu taɓa jin cewa yana shiga huhu ba.

Hanyar tabbatarwa abu uku ce a haɗe: alamomin da suka kai wata uku, abin da hoto ya nuna, da gwajin jini na musamman da ke nuna jiki yana yaƙi da Aspergillus. Gwajin jinin ba kowane asibiti ke yin sa ba. Mu a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa muka yi, muka jira kwanaki kafin ya fito, ya kuma tabbatar da abin da likitar ta gani. An kuma sake duba shi ko yana da ciwon sukari ko cuta mai karya garkuwar jiki, domin duka biyun suna buɗe wa tarin fuka da fumfuna ƙofa. Ba shi da ko ɗaya.

Sanin cutar bai sa an miƙa masa magani nan take ba. Maganin da aka fi bayarwa shi ne itraconazole, sai voriconazole idan na farkon bai yi ba, kuma dukansu ba sa jituwa da wasu magungunan tarin fuka. Rifampicin yana sa hanta ta narkar da itraconazole da sauri har ya zama kamar ba a sha ba. Bedaquiline kuwa akasin haka ne, itraconazole na iya sa ya taru a jini, kuma hakan na iya taɓa bugun zuciya. Sai da likitar ƙirjin ta yi magana da masu kula da tarin fukarsa, aka auna zuciyarsa, aka gwada hantarsa, aka jira ya kammala watannin bedaquiline, sannan aka fara, ana ci gaba da aunawa lokaci-lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba magani ba ne da mutum zai ji sunansa a jarida ya je kemis ya saya. Ana shan sa aƙalla wata shida, sau da yawa har shekara, yana iya kumbura ƙafa ko taɓa hanta, kuma bai dace da mai juna biyu ba. Wasu marasa lafiyar ma tiyata ake yi musu a cire ɓangaren huhun da dunƙulen yake.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ba mu mamaki. Shekara biyu muna karɓar maganin tarin fuka ba mu biya ko kwabo ba, har muka ɗauka duk abin da ya shafi wannan ƙirji kyauta ne. Hoton CT da gwajin jini da maganin fumfuna duk daga aljihunmu suka fito. Ni malamin makaranta ne, kuɗin maganin wata guda ya kusa cinye rabin albashina. Mu 'yan'uwa muka raba watannin a tsakaninmu, matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, Yaya ya karyar da masarar da ya tara. Mu muna da yawa, kuma Abuja na kusa da mu. Nakan tuna wanda ke ƙauye mai nisa, ba shi da mai tallafa masa, wanda za a ce masa gwaji ya nuna ya warke ya koma gida yana tofar da jini. Ina roƙon hukumomin da ke yaƙi da tarin fuka a tarayya da Jihar Neja su dubi wannan giɓi. Mutumin da aka kashe dukiya mai yawa aka raba shi da tarin fuka bai kamata a bar shi ya mutu a kogon da tarin ya bari ba. Sa gwajin jinin nan a manyan asibitocin jiha, da sauƙaƙa farashin maganin ga waɗanda suka gama jinyar tarin fuka, zai ceci rayuka.

Bayan kamar wata biyu da fara itraconazole jinin ya tsaya. A hankali cin abinci ya dawo, nauyi ya fara hawa, launin fatarsa ma ya soma washewa bayan ya gama maganin wata taran. Ya yi shekara guda cur yana shan maganin fumfunar. Ba zan ce ya koma yadda yake a da ba, domin kogon na nan, hawan tudu yana sa shi haki, kuma likita ta ce cutar na iya dawowa, don haka duk wata shida yana komawa a duba shi. Ta hana shi shiga sito da zama inda ake sheƙar hatsi ko zazzage buhu, ta ce mu fitar da kajin da ke kusa da ɗakinsa, mu gyara bangon da ke tsatsafo da ruwa. Yanzu ɗansa ne ke shiga sito, shi yana zaune a bakin shago da littafin lissafi. Likitar ta kuma tabbatar mana cewa fumfunar huhu ba ta tashi daga mutum zuwa mutum. Ta rubuta hakan a takarda tare da shaidar cewa tarin fukarsa ya warke, baffanmu ya kai wa surukan, aka sa rana. An ɗaura auren bayan Babbar Sallah, kuma Yaya da ƙafarsa ya je masallaci.

Ga mai karatu da ke da marar lafiya a gida, abin da zan iya ba shi daga abin da muka gani kaɗan ne amma yana da amfani. Tarin da ya kai mako biyu a kai shi a gwada, gwajin da maganin kyauta ne, kuma akwai lambar 3340 da ake kira ba tare da biyan kuɗi ba don a san cibiya mafi kusa. Wanda aka ɗora a kan magani a taya shi sha har ƙarshe, ko da ya ji sauƙi tun a wata na biyu. Idan tari ya dawo bayan an gama, kada a sake fara tsohon magani da ka, a nemi gwajin da zai nuna ko ƙwayar tana jin magani. Idan kuma gwaji ya ce babu ƙwayar amma mutum na ramewa ko yana fitar da jini, a tambayi likita kai tsaye ko akwai kogo a huhun, ko kuma ya dace a duba fumfuna. Matambayi ba ya ɓata, kuma likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. A adana duk hoton ƙirji da katin asibiti a wuri ɗaya, domin da tsofaffin hotunan aka gane yadda kogon Yaya ya sauya. Jinin da ya wuce ɗigo kuwa ba a kwana da shi a gida, asibiti ake nufa ko da tsakar dare ne.

Sannan a tausaya wa marar lafiya da harshe. Mutumin da ke haɗiyar ƙwaya cike da tafin hannu kowace safiya ba ya buƙatar a ƙara masa da zargi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.